Garahuni: Maganin Da Muke Kashewa Da Magani

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san garahuni, ko garafuni a bakin wasu. Shi ne tsiron nan mai yaɗo da ke naɗe darni da damina, mai ɗan fure ruwan ɗorawa da 'ya'ya masu ƙuraje, waɗanda in sun nuna sai su yi ja su fashe. Ba a shuka shi, ba a yi masa taki. Ɗacinsa kuwa ba a ba yaro labari. Masana tsirrai suna kiransa Momordica balsamina, kuma danginsu ɗaya da kabewa da duma.

Iyayenmu mata ne suka fi sanin darajarsa. Suna dafa ganyen su ba mai jego domin gyaran ciki da ƙarin ruwan nono, suna ba mai zazzaɓi da mai ciwon ciki, kuma kafin sabulun kanti ya wadata har wanki an yi da shi, saboda yana kumfa. A ƙasar Mozambik miya ake yi da shi ana ci yau da gobe. A 2006 masana daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato sun wallafa bincike a kan ganyen, inda suka nuna yana ɗauke da ma'adanai masu amfani ga jiki. Wato dai tsoffinmu ba shirme suke yi ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

To amma a je Kadawa a ga halin da wannan tsiro yake ciki. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta zama wata duniya dabam. Ruwa na bin magudanai rani da damina, ana fid da shinkafa a sa alkama, ana fid da alkama a sa masara, ga tumatir da albasa. Wannan alheri ne babba, kuma ba mai hankalin da zai so a koma gidan jiya. Sai dai gonar noman rani ba ta da shinge, ba ta da saura, kuma ba ta hutawa. Wurin da ya rage wa irin su garahuni da yaɗiya shi ne gefen kunya da bakin magudana da gindin 'yan itatuwan da suka tsira.

Nan ɗin ma bai tsira ba. Kuɗin 'yan ƙwadago ya yi tsada, don haka manomi ya ajiye fartanya ya goya injin feshi. Ba na ganin laifinsa, domin wanda ya ci bashin taki ba ya da lokacin tantance ciyawa. Amma maganin ciyawa bai san garahuni ba, bai san ƙaiƙayi ba. Abin da ya taɓa ya ƙone. Daga cikin magungunan da aka daɗe ana fesawa a gonakinmu akwai farakwat, wanda Tarayyar Turai ta haramta tun 2007 saboda haɗarinsa ga ɗan Adam.

Ɓacewar tsiron ma ita ce ƙaramar matsalar. Babbar ita ce wanda ya saura. Tun bayan da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a 2016, har masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta tsaya saboda rashin kaya, mai tumatir ba ya wasa da feshin ƙwari. Iska kuwa ba ta san iyakar gona ba. Garahunin da ya yaɗu a gefen fili yana shan abin da tumatir ya sha, kuma ganyensa na nan kore shar, ba alamar komai. Tsohuwa ta zo da yamma ta tsinka, ta kai gida ta tafasa wa 'yarta da ta haihu shekaranjiya. Kwalbar maganin tana ɗauke da gargaɗin kwanakin da za a jira kafin a ci amfanin da aka fesa wa, amma wannan gargaɗi ga mai gona aka rubuta shi. Mai tsinkar ganye ba ta ga kwalbar ba, ba ta kuma san ranar da aka yi feshin ba. Ga shi abin da uwa ta sha, wani kaso nasa kan iya bi ta nono ya kai ga jariri.

A ɗaya gefen kuma ga masu tallar magani da lasifika a kasuwanni, waɗanda a bakinsu garahuni ya zama maganin kowace cuta, musamman ciwon suga. Gaskiyar magana, yawancin binciken da aka yi a kansa a ɗakin gwaji ne da jikin ɓeraye. Alamun suna da kyau, amma ba su kai a ce mutum ya jefar da maganin asibiti ba. Wanda ya haɗa biyun ba da sanin likita ba, sugansa na iya faɗuwa fiye da kima. Mai juna biyu kuwa gara ta nisance shi gaba ɗaya.

Wasu ƙasashe sun riga mu ɗaukar irin wannan tsiro da muhimmanci. Ɗan'uwansa, Momordica charantia, kayan lambu ne da ake nomawa a Indiya, inda ake ce masa karela. A Filifin kuwa ma'aikatar lafiya ta sa shi cikin tsirrai goma da ta amince a yi magani da su, tare da bayanin yadda za a sha. Namu har yanzu a jerin ciyawa yake.

Abin mamaki shi ne kayan aikin duk suna wuri ɗaya. A Kadawa akwai tashar binciken noman rani ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai kula da ruwan, ga masana harhaɗa magunguna a Jami'ar Bayero, tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba. Me zai hana tashar ta ware 'yan kunyoyi ta tara irin garahuni daga Kura da Bunkure, ta gwada nomansa a kan danga ba tare da feshi ba? Me zai hana a ɗebi ganyen da ake sayarwa a kasuwa a auna ragowar gubar da ke jikinsa, a faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa a gidajen rediyo?

Kafin hukumomi su motsa, akwai abin da ba ya bukatar kasafin kuɗi. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa za su iya yin yarjejeniya cewa duk wanda ya yi feshi ya kafa ƙyalle ja a bakin gonarsa na wasu kwanaki, yadda mata da makiyaya za su gani daga nesa. Malaman gona da unguwar zoma kuma su riƙa faɗa wa mata su daina tsinka a bakin magudana. 'Ya'yan garahuni guda biyar da aka jefa a gindin dangar gida farkon damina sun isa su rufe ta kafin kaka, kuma ganyen in an shanya shi a inuwa yana kaiwa har bazara.