Waƙoƙin majami'a da Hausa: su wa suka tsara su, kuma ina wuyar aikin take?

Duk wanda ya ratsa ta ƙofar majami'a ranar Lahadi da hantsi, a Yamai ko Dogon Dutsi ko Maraɗi, yakan ji ana rera waƙa da Hausa amma karinta ba na ƙasar Hausa ba ne. Kalmomin na gida, muryar baƙuwa. A Filinge da sauran ƙasar Kurfai Kiristoci ƴan kaɗan ne, kamar yadda suke a ko'ina cikin Nijar, inda ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Sai dai su ma, in za su yi ibada da Hausa, wannan gadon ne ke hannunsu.

Tushensa yana arewacin Najeriya. Likita Walter Miller, ɗan Ingila da ya zauna Zariya tun 1905, na cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da ya fito cikakke da Hausa a 1932. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, ta kafa sansani a Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ita ta yaɗa Littafin Waƙoƙi a nan ƙasar. Da yawa daga abin da ke cikinsa fassara ce daga littattafan waƙoƙin Ingila da Amurka, irin kundin Ira Sankey. Turawan ba su kaɗai suka yi aikin ba. Akwai malamai da masu wa'azi ƴan ƙasa da suka zauna da su suna auna kalma ɗaya-ɗaya, ko da yake ba kasafai ake tuna sunayensu ba.

Ainihin wahalar tana cikin harshen kansa. Hausa na rarrabe ma'ana da tsawon gaɓa da kuma hawa da saukar murya. "Duka" mai nufin gaba ɗaya gajera ce. In aka ja gaɓar farko ta koma dukan sanda. "Gari" na zama, in aka ja shi, ya zama garin tuwo. Kukan hawaye da kukar miya kuwa faɗuwar murya a ƙarshe ce kawai ta raba su. To, karin da aka tsara a Landan domin baitin Ingilishi bai san da wannan ba: yana ja inda ya ga dama, ya hau inda ya ga dama. Mai fassara sai ya ƙirga gaɓoɓi su yi daidai da karin, ya tabbata doguwar gaɓa ta faɗa kan doguwar murya, kuma kada koyarwar addinin ta karkace. Abu uku ke nan a layi ɗaya, kuma sau da yawa dole ɗaya ya sha kashi. Shi ya sa tsohuwa za ta iya rera baiti shekara talatin tana tsallake ma'anar rabinsa.

Ga kuma zaɓen kalma. Masu fassara sun ɗauki Allah, Ubangiji, addu'a, zunubi da tuba, kalmomin da maƙwabci Musulmi ya sani sarai, amma suka riƙe Yesu inda shi yake cewa Annabi Isa. Littafin kuma da daidaitacciyar Hausa aka rubuta shi, mai bin bakin Kano. Bakurfe na cewa "lahiya" da "tahi", takarda na cewa "lafiya" da "tafi", ga Zabarmanci da Faransanci a gefe. Shugaban mawaƙa shi ke sasanta wannan duka a wurin gwaji, ya raba muryoyi huɗu, wani lokaci da rubutun do-re-mi a allo, wani lokaci da kunne kawai.

Ƴan Katolika sun jima da Latin. Sai a watan Disamban 1963 babban taron Vatican na biyu ya buɗe ƙofa ga harsunan gida, kuma gidan ibada na Keur Moussa a Senegal ya yi suna wajen shigo da kora cikin addu'a. A nan ƙasar kayan kiɗa sun sha tuhuma, musamman goge, saboda alaƙarsa da bori.

Mata ne suka fi samo mafita. A ƙungiyoyin Zumuntar Mata ba a fara da kari a cusa masa kalmomi. Mace guda takan ɗauko aya, ta faɗe ta yadda Bahaushe ke magana, karin ya biyo bakinta, ta bayar sauran su amsa, ana buga tulu da caki. Nan "duka" ba ya komawa duka, kuma yaro da ke bakin ƙofa na gane abin da ake cewa. Yawancin waɗannan waƙoƙi ba a rubuce suke ba. Daga taron mata zuwa wani suke tafiya, yanzu kuma ta WhatsApp, sai waƙa ta taso daga Tsibiri ta iso Yamai ba wanda ya san wadda ta fara ta.