Lalacewar Fihirisa Yayin Loda Kalmomin Ƙamus a Rumbun Bayanai

1.0 Gabatarwa

Manazarcin da ya ɗauki aiki irin ƙamusun Bargery na 1934, ya juye dubban kalmominsa cikin rumbun bayanai na kwamfuta a lokaci guda, yakan ci karo da wata matsala: kalma tana nan a rumbu, amma in an neme ta sai na'ura ta ce babu. Galibi laifin na fihirisa ne, wato jerin da na'ura ke bi ta kai ga kalma ba tare da ta karance rumbun duka ba. Wannan maƙala za ta dubi musabbabin hakan da maganinsa.

2.0 Musabbabi

Na farko, domin lodi ya yi sauri, wasu kan kashe tsarin da ke tabbatar da cewa kowane rubutu ya sauka a faifai. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, sai fihirisa ta riƙa nuni ga abin da bai kai ga faifai ba.

Na biyu shi ne sauyin ƙa'idar jeranta baƙaƙe. A ƙamusun Hausa ƙ tana bin k ne, amma a jerin lambobin Unicode, ɓ da ɗ da ƙ duk suna bayan z. Fihirisar da aka gina bisa wata ƙa'ida, aka kuma bincika ta bisa wata, za ta nemi "ƙasa" a inda ba a ajiye ta ba. Irin wannan ya sami masu amfani da PostgreSQL bayan fitowar glibc 2.28 a 2018, wadda ta sauya jerin alamomi da dama.

3.0 Bincike da Gyara

Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi kalma ta fihirisa, a sake neman ta ta karance rumbun baki ɗaya. Muddin amsoshin suka saɓa, fihirisa ta lalace. Wata alamar ita ce maimaituwar lambar da aka hana ta maimaituwa. A PostgreSQL, amcheck kan gano ɓarnar, umarnin REINDEX kuma ya sake gina fihirisa daga asalin kalmomin, bayan an cire maimaicin.

4.0 Kammalawa

Abin da ya fi dacewa shi ne a adana kwafe, a tsayar da ƙa'idar jeri guda, a loda kalmomi tukuna, sa'annan a gina fihirisa. Fihirisa abar sakewa ce. Asalin kalmomin kuwa in sun salwanta, sai an koma ga littafi.