Sifilin da Ya Ɓace a Jerin Manoma

Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya a Kebbi, a Nuwamban 2015, sakataren ƙungiyar manoma ya samu ƙarin aiki: tattara lambobi. Lambar asusu mai alƙaluma 10, BVN mai 11, lambar waya mai 11, ga kuma NIN ita ma 11. Mai albasa a Aliero, mai shinkafa a fadamar Jega, mai gero a Maiyama, kowa sai ya zaro 'yar takarda daga aljihu, ta sha ninki ta sha gumi, a kwafe ta a littafi, a kai shagon kwamfuta a shigar a Excel. Hannu uku ke nan lambar ta bi. In an rubuta "Abubkar", kowa ya san wa ake nufi. Amma 7 da ta koma 1 ba ta nuna alamar komai, sai ranar da kuɗi suka sauka, wani dattijo ya wuni yana duba wayarsa shiru.

Ɓarnar farko ma ba ta mai bugawa ba ce. Excel na ɗaukar duk jerin alƙaluma a matsayin adadin lissafi, a lissafi kuwa sifilin farko ba shi da amfani, sai ya jefar da shi. Ka buga lambar waya mai farawa da 080, ka danna, ta dawo da alƙaluma 10. Lamba ta kai alƙaluma 12 sai ya dunƙule ta, ka ga wani abu kamar 1.23E+11. In ta wuce 15, irin ta katin cire kuɗi mai 16, ya mayar da ta ƙarshe sifili, kuma ba ta dawowa. Maganin shi ne a zaɓi Text a tsarin layin tun kafin a fara bugawa, wato a gaya masa rubutu ne, ba lissafi ba.

Sai awon tsawo. A layin gefe a sa LEN, ya ƙirga alƙaluman kowane gida. Duk asusun da bai ba da 10 ba, duk BVN da bai ba da 11 ba, a shafa masa ja. Wannan kaɗai na fito da sifilin da ya ɓace da lambar da yatsa ya danna sau biyu. COUNTIF kuma na nuna lambar da ta zo sau biyu a jerin. Kada a nemi maimaici ta suna, domin a gari ɗaya za a samu masu suna ɗaya, sunan uba ɗaya, kuma mutane ne daban. BVN guda a gaban suna biyu ita ce abar tambaya.

Abin da ya fi burge ni yana cikin lambar asusun kanta. A tsarin NUBAN da Babban Banki ya fito da shi a 2010, alƙalami na goma mai gadi ne. Ana jera lambar banki mai alƙaluma uku da tara na farkon asusu, a ninka su bi da bi da 3, 7, 3, 3, 7, 3, haka har ƙarshe, a tara. Ɗauki banki mai lamba 011 da asusu 000001457: jimla 81. Cire alƙalamin ƙarshe na jimlar, wato 1, daga 10, saura 9. Cikakkiyar lambar ita ce 0000014579. Da mai bugawa zai sa 6 a gurbin 5, jimla ta koma 88, mai gadi ya kamata ya zama 2, ga shi 9 ne a rubuce. Asiri ya tonu. Duk kuskuren alƙalami ɗaya haka yake kamuwa. Katin cire kuɗi ma yana da irin wannan gadin, da dabarar Hans Peter Luhn na kamfanin IBM.

Sai dai gadin yana da ɓaraka, kuma ina so kowane sakatare ya san ta. Musanya 1 da 4 ɗin can, asusun ya zama 000004157. Dukansu da 3 ake ninka su, saboda haka jimla tana nan 81, mai gadi yana nan 9. Lambar ta wuce lafiya lau, alhali ba ta mai ita ba ce, mai yiwuwa ma ta wani ce can. Juya maƙwabtan alƙaluma kuwa shi ne tuntuɓen da hannu mai sauri ya saba yi.

Nan aikin ke komawa ga mutane. A sa kowane asusu a manhajar banki kamar za a tura kuɗi, a ga sunan da ya fito, a gwada da na jerin. Sannan a buga jerin a takarda, mutum biyu su zauna, ɗaya riƙe da littafin asali yana karantawa da ƙarfi, uku-uku, ɗaya yana bi da tsinken biro. Inda suka saɓa, kada ɗayansu ya gyara da ka. A kira mai lambar a ce, "Baba, a taimaka a sake kawo takardar nan mu gani."