Shin dayis yana tuna abin da ya wuce?

Masu wasan lido suna da wata magana: wai wanda ya daɗe yana jefa dayis bai samu shida ba, shidarsa ta kusa. Wannan ba gaskiya ba ne. Fuska shida dayis yake da ita, kuma a kowace jifa damar fitowar shida ɗaya ce cikin shida, ko jifa ta farko ce ko ta ashirin. Masana lissafin yiwuwa suna cewa irin wannan tsari ba shi da tunawa, wato tsawon jiran da ka yi ba ya rage jiran da ya saura.

An yi asarar dukiya a kan wannan kuskure. Ranar 18 ga Agusta 1913, a gidan cacar Monte Karlo, ƙwallon faifan rulet ya sauka kan baƙin gida sau 26 a jere. 'Yan caca suka yi ta zuba kuɗi kan ja, kowa na ganin lokacinsa ya yi, har aljihu ya bushe. Da haka ake auna haihuwa a gidajenmu. Mace ta haifi 'ya'ya mata huɗu, sai dangi su ce na biyar namiji ne ba makawa, alhali damar tana nan kusan rabi da rabi.

Sai dai wasu sun wuce gona da iri, suna cewa duk abin da ya shafi sa'a haka yake. A'a. A wasan karta, katin da ya fita ya fita, don haka mai ƙirga abin da aka zubar yana da hujja. Tsohuwar taya ma ta fi sabuwa kusa da fashewa, domin tana cinyewa. Ƙwayar zarrar kabon-14 kuwa ba ta tsufa: ko ta shekara dubu goma, damar rushewarta cikin shekara 5,730 masu zuwa rabi ce.

Ruɗanin da ya fi yawa tsakanin ɗalibai shi ne zaton cewa rashin tunawa na nufin babu abin da ya dogara da wani. Andrey Markov, masanin lissafi ɗan Rasha, ya nuna akasin haka. A 1913 ya zauna da hannu ya tantance haruffa 20,000 na farkon littafin Pushkin, Yevgeniy Onegin, aikin da sai mai haƙuri. Ya gano bayan baƙi, wasali ne ke biyowa kusan kashi 66 cikin ɗari, amma bayan wasali kusan kashi 13 kacal. Ashe harafin gaba yana da alaƙa da wanda yake gabansa. A tsarin da ake kira sarƙar Markov, halin da ake ciki yanzu shi ke yanke damar mataki na gaba, ba a waiwayar hanyar da aka bi aka iso. Allon lido ma haka ne: inda 'ya'yanka suke tsaye shi ne abin dubawa, ko da wace jifa suka kai nan.