Furen Yini Ɗaya Mai Dogon Kara

A ƙasar Sin akwai wani tsiro da masana ke kira Hemerocallis, watau kyaun yini guda, domin kowane furensa yini ɗaya tak yake yi ya yanƙwane. Wani masanin tsirrai a birnin New York na Amurka, Dokta A. B. Stout, ya daɗe yana haɗa irinsa, har a 1951 aka fitar da wani mai suna Autumn Minaret, wanda karansa kan haura ƙafa 5.

To, tsawon nan shi ne matsalar. Da an yi ruwa da iska sai karan ya kwanta kamar dawa, furen kuwa ya ƙare ɗan yininsa cikin laka.

Sau da yawa laifin na mai lambu ne. Inuwa kan sa karan ya karkata neman rana, yawan takin zamani kuma ya raunana shi. Saboda haka akan dasa shi inda zai sami rana ta awa 6. In duk da haka ya rinjaya, sai a kafa masa gora tun kafin ya yi fure, a ɗaure da tsumma sako-sako, don kada ɗaurin ya yanke karan.