Taurarin Da Ba Sa Zagaya Komai

Idan kana Dabai a daren watan Yuli, ruwa ya ɗauke, sama ta washe, ka fuskanci kudu. Farin hazon nan da ya ratsa sama garkenmu ne na taurari, Milki We, kuma inda ya fi kauri nan ce tsakiyarsa. A makaranta an koya mana cewa komai a sama zagaye yake yi, kamar Duniya da Rana. To, a can tsakiyar ba haka abin yake ba.

Tsakiyar garkenmu doguwa ce, kamar kwanson gyaɗa. Wasu manyan garkunan ma tsawonsu daban, faɗinsu daban, kaurinsu daban. A irin wannan wuri ƙarfin da ke jan tauraro ba ya nufin tsakiya kai tsaye, yakan karkace.

Gwada da kanka. Cilla ƙwallon aduwa a cikin ƙwarya, zai yi ta kewaye ta hannu ɗaya. Masana na kiran wannan hanyar bututu, ita Ranarmu ke bi, zagaye ɗaya cikin kusan shekara miliyan 230. Yanzu cilla shi a dogon komin shayar da dabbobi. Zai tafi can ƙarshe, ya dawo, yana tangaɗi gefe da gefe, ya ratsa tsakiya wani lokaci ta dama, wani lokaci ta hagu. Wannan ita ce hanyar akwati, don idan ka zana duk inda tauraron ya bi, siffar akwati za ta fito.

Abin da ya fi burge ni shi ne babu wani komi a can sama. Nauyin taurarin da kansu ne komin. A 1979 Martin Schwarzschild ya nuna da kwamfuta cewa garke zai iya riƙe wannan siffa, kuma masu bin hanyar akwati su ne ginshiƙinta, tunda sun fi daɗewa a can ƙarshen tsawon.

Sai dai ratsa tsakiya na da hatsari. A tsakiyar garkenmu akwai baƙin rami mai nauyin Rana miliyan 4. Tauraron da ya gifta kusa da irinsa sai a fizge shi gefe, hanyarsa ta rikice, lissafi ya kasa faɗin inda zai kasance nan gaba da nisa. Idan irinsu suka yi yawa, a hankali tsakiyar garken sai ta rasa tsawonta, ta dunƙule.