Baƙin Kaka: Tsuntsayen da ke Ƙetaro Sahara Zuwa Ƙasarmu

Idan damina ta janye, aka shiga girbin dawa, hazon hunturu ya soma saukowa, sararin samaniya ma yakan yi sauyin ma'abota. Shamuwa, wadda ta zo da ruwan farko ta yi sheƙa a tsakiyar gari, takan kama hanyar kudancin Afirka. Tana tafiya sai wasu baƙi su iso daga arewa. A watannin Oktoba da Nuwamba masu sha'awar kallon tsuntsaye kan ga garken agwagin ruwa da tsuntsayen bakin gaɓa masu dogayen ƙafafu sun cika dausayin Haɗeja-Nguru, musamman wajen Dagona a Jihar Yobe. Yawancinsu a Turai da Rasha aka ƙyanƙyashe su.

Ba sanyi kawai ke koro su ba, yunwa ce. Idan ƙanƙara ta rufe tafkuna, ƙwari suka ɓace, dole mai rai ya nemi inda zai ci. Wani bincike na shekarar 2009 ya ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ne ke barin Turai zuwa Afirka kowace shekara. Kafin ƙetare hamada sukan tara kitse, har wasu su kusan ninka nauyinsu, domin shi ne guzurinsu a inda babu ruwa babu abinci.

Yaya aka gano wannan tafiya? A da, wasu masanan Turai sun ɗauka tsattsewa kan nutse cikin laka ta yi barci har sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wani babban tsuntsu, ɗan'uwan shamuwa, a Jamus, da mashin Afirka soke a wuyansa. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta a ƙasar Denmak, Hans Mortensen, ya fara sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Duk wanda ya tsinci tsuntsu mai zobe ya ba da rahoto, sai a san inda ya fito da inda ya kai.

Ƙidayar masu sa-kai ita ce ta tona asirin dangantakarmu da waɗannan baƙi. A 1969 masu lura da tsuntsaye a Ingila suka ga wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da rabi a shekara guda. Da aka bi sawu, sai aka tarar fari ne a yankin Sahel ya hallaka su.

Dausayin namu ma yana cikin matsi. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa ta 1992, sun sauya yadda ambaliya ke malala. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Abin da ya hana tsuntsu wurin sauka, shi ne ya hana masunci kifi, manomi shinkafa, makiyayi ciyawa. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru cikin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, amma suna kaɗai ba ya dawo da ruwa.

A nan ne ɗalibi ke da rawar takawa. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta shiga aikin tsara taswirar tsuntsayen Nijeriya da rahotannin masu sa-kai. Aikin ba ya bukatar kayan tsada. Malami ya zaɓi kududdufi ko fadama guda kusa da makaranta, ɗalibai su riƙa zuwa da sassafe sau ɗaya a mako. Su rubuta kwanan wata, da wuri, da kamannin tsuntsu, da adadinsa, har da sunan da dattawan gari ke kiransa. Ranar da ba a ga kome ba ma a rubuta, domin rashin gani shi ma sakamako ne. Littafin da aji ɗaya ya fara, aji na gaba ya ɗora a kai, bayan shekara goma zai nuna ko baƙin namu na ƙaruwa ko raguwa suke yi.